Samar da Man Mota Daga Kara da Itace



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba ko karan dawa, da dusar katako, da tuƙar raken da masu mazarƙwaila ke tarawa daga Daura ta ƙasar Ƙaraye har zuwa Rogo, za su iya zama man mota. Tambayar ta ƙara nauyi tun da aka janye tallafin fetur a shekarar 2023.

Kusan rabin jikin itace sukari ne wanda Allah Ya sarƙa shi, Ya kuma lulluɓe shi da wani ƙaro mai tauri. Gara ta san sirrin kwance shi, domin akwai ƙwayoyin halitta a cikinta masu narkar da itace. Masana sun kwaikwayi gara: sai a niƙa itacen, a turara shi, a zuba masa sinadarin da ake samu daga wata irin funfuna, sarƙar ta warware. Daga nan yisti ya ci sukarin ya mayar da shi barasa, a tace ta, a gauraya da fetur. Akan zuba mata abin da zai hana a sha ta, wato ta inji ce kurum.

To, amma fa aikin yana da tsada. Ƙasar Barazil ta fara babban shirinta a 1975, kuma da ruwan rake ta ci nasara, wanda sukarinsa a kwance yake. Masana'antar Kirashantino ta Italiya, wadda aka gina don sarrafa tattaka da kara, an buɗe ta a 2013, ta tsaya a 2017. Nijeriya ma ta tsara manufarta a 2007, ta gauraya kashi 10 cikin ɗari.

Abin lura a nan shi ne, kara ba shara ba ne a wurin Bahaushe. Da shi ake danni, shi dabba ke ci da rani, shi uwargida ke hurawa. In masana'anta ta saye shi, gatari zai koma kan ƙirya da marke, hamada kuwa ta matso. Saboda haka shawarata ita ce jami'o'inmu su fara ƙididdige rarar da manomi ba ya bukata, tun kafin a kafa tubali, domin ba a fafe gora ranar tafiya.