Ƙurar Asbesto da Diyyar Ma'aikaci



Maganata a yau a kan asbesto ce, da cutar da ƙurarsa ke haddasawa, da diyyar da aka biya waɗanda ta halaka a ƙasashen da ake biyan diyya. Na san wani zai ce me ya haɗa ɗan Makoda, wanda iyakar ruwan da ya sani shi ne na rijiya da na madatsar Tomas, da zancen masu ƙera jiragen ruwan yaƙi? To, a yi mini haƙuri mu fara daga bakin teku, domin a can ne aka fi ganin ɓarnar a fili, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Shi asbesto dutse ne da ake haƙowa daga ƙasa, amma dutse mai ban mamaki, domin in an farfasa shi sai ya warware zare-zare kamar auduga. Wuta ba ta cinsa, ba ya ruɓa, ba ya tsatsa, zafi ba ya ratsa shi da sauri, ga shi kuma da araha. Iri uku aka fi kasuwancinsu: fari, da ruwan ƙasa, da shuɗi. Ma'aikacin jirgin ruwa kuwa ba abin da yake tsoro kamar gobara a tsakiyar teku, inda babu wurin gudu. Saboda haka aka riƙa naɗe bututun tururi da asbesto, aka lulluɓe tukwanen injin da shi, aka fesa shi a bangon ɗakuna. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, mutum fiye da miliyan 4 suka yi aiki a ma'aikatun ƙera jiragen ruwa na Amurka, da yawansu a cikin jirgi can ƙasa, inda babu taga babu iska, ƙura tana tashi fari fat.

Ga yadda ɓarnar take. Zaren asbesto ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinsa, ba shi da wari, kuma ba ya sa mutum atishawa balle ya farga. In an shaƙe shi sai ya wuce can ƙarshen huhu ya maƙale, jiki kuwa ba ya iya narkar da shi. A hankali huhun yake yin tabo yana taurara har numfashi ya gagara; wannan shi likitoci ke kira asbestosis. Yana kuma jawo sankarar huhu, haɗarin yana ninkuwa ga mai shan taba. Mafi muni ita ce sankarar tantanin da ya lulluɓe huhu, wadda ake kira mesotiliyoma, wadda kusan ba a samunta sai ga wanda ya shaƙi asbesto, kuma galibin masu ita ba sa wuce shekara ɗaya ko biyu bayan an gano ta. Abin da nake so ku riƙe shi ne jinkirinta. Cutar ba ta bayyana sai bayan shekara 20, ko 30, ko ma 50. Saurayi zai shaƙa yana ɗan shekara 22, ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya, ya yi ritaya, sa'an nan tari ya kama shi.

Kada kuwa wani ya ce ba a sani ba. A 1924 wata mata mai suna Nellie Kershaw, wadda ke kaɗin zaren asbesto a masana'antar Turner Brothers da ke garin Rochdale na Ingila, ta mutu tana da shekara 33. Likita ya duba huhunta ya ga abin da ya kashe ta, amma kamfanin ya ƙi biyan diyya, har kuɗin binne ta ya ƙi bayarwa. A 1931 gwamnatin Ingila ta yi dokar rage ƙura a masana'antun asbesto. A 1955 Richard Doll ya tabbatar da dangantakarsa da sankarar huhu. A 1960 wani likita a Afirka ta Kudu, J. C. Wagner, da abokan aikinsa, suka ba da rahoton mutum 33 masu mesotiliyoma, kusan dukkansu sun taɓa zama ko aiki a inda ake haƙar shuɗin asbesto ko sarrafa shi, wasunsu ba su taɓa shiga rami ba. Aka kuma gano matan aure da suka kamu saboda kakkaɓe tufafin aikin mazajensu. A 1968 wani likitan sojan ruwan Ingila, P. G. Harries, ya bayyana halin da ma'aikatan tashar gyaran jirage ta Devonport ke ciki. Duk da haka Ingila ba ta haramta shuɗi da ruwan ƙasa ba sai 1985, fari kuwa sai 1999. Afirka ta Kudu ta haramta a 2008. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da 200,000 ke mutuwa kowace shekara saboda asbeston da suka shaƙa a wurin aiki.

Yanzu mu zo kan diyya, inda nake ganin darasinmu yake. A Amurka wani ma'aikaci mai suna Clarence Borel, wanda ya shafe shekaru fiye da 30 yana naɗa asbesto a tashoshin jirage da matatun mai, ya kai kamfanonin da ke sayar da shi ƙara. Bai ga ƙarshen shari'ar ba, amma a 1973 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar cewa laifi ne kamfani ya sayar da abu mai kisa bai gargaɗi mai amfani da shi ba. Daga nan ƙararraki suka yi ta kwarara, har babban kamfanin Johns-Manville ya nemi kariyar kotun fatara a 1982, aka tilasta shi ya ware asusu na musamman domin biyan waɗanda suka kamu da waɗanda za su kamu nan gaba.

Soja kuwa sai ya tarar da ƙofa a rufe. Tun 1950 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa soja ba zai kai gwamnati ƙara a kan abin da ya same shi a bakin aiki ba. Sai dai ya nemi fansho na naƙasa daga hukumar 'yan mazan jiya, ko ya bi kamfanonin. A Ingila ma wata dokar 1947 ta hana soja yin ƙarar gwamnati, kuma ko da aka soke hanin a 1987, sokewar ba ta shafi abin da ya faru kafin nan ba. Ku duba wannan rashin adalci: farar hula da sojan ruwa sun shaƙi ƙura ɗaya a ɗakin inji ɗaya, wancan ya karɓi diyya mai tsoka, wannan kuwa sai ɗan fansho da ba zai rayu ya ci ba. Sai a ƙarshen 2015, bayan matsin lambar ƙungiyar 'yan mazan jiya, gwamnati ta yarda ta ba tsohon soja mai mesotiliyoma fam 140,000 a dunƙule.

Baƙar fata fa? Mahaƙa da mazauna kusa da ramukan kamfanin Cape a Afirka ta Kudu, su wajen 7,500, sun yi shekaru suna fafutukar a saurari ƙararsu a Landan, inda uwar kamfanin take. A 2000 aka yarda, a 2003 aka sasanta a kan fam miliyan 7.5. In kun raba, kusan fam 1,000 ke nan kowane mutum, kuma ɗaruruwa daga cikinsu sun mutu kafin kuɗin ya zo. Huhu ɗaya ne, farashi ne ya bambanta.

To, mu dawo gida. Nijeriya tana da tashar gyaran jiragen sojan ruwa a Legas da wata a Fatakwal, kuma ta sha karɓar tsofaffin jirage daga waje. NNS Thunder, wanda aka karɓo daga Amurka a 2011, ƙirar shekarun 1960 ne, wato zamanin da asbesto ke tashe a aikin ƙera jirage. 'Ya'yan Arewa suna cikin sojan ruwa, wasu kuma suna can bakin teku ci-rani, suna dako, suna sayen tsohon ƙarfe, suna yanka gawar jirage da tsofaffin injuna su sayar a kilo. Ɗan gwangwan da ya yaye farin abin da aka naɗe bututu da shi don ya kai ga ƙarfen, aikin Borel yake yi, sai dai ba shi da lauya.

Amma ba sai an je Legas ba. Tun 1959 aka kafa kamfanin da ya zama Nigerite a Ikeja, yana haɗa siminti da asbesto yana fitar da rufi da sili. A 1961 aka kafa wani a Emene kusa da Inugu, wanda yanzu ake kira Emenite, kuma asalinsa reshe ne na rukunin kamfanonin da Nellie Kershaw ta yi wa aiki. A nan Arewa an yi Giwarite a Kano da Nigerian Asbestos Industries a Bauchi. Daga baya Nigerite da Emenite sun koma amfani da wani zare dabam, amma abin da aka riga aka kafa yana nan bisa kawunanmu. Lokacin da aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta a 1976, an gina azuzuwa ba adadi, an yi ɗakunan shan magani da gidajen ma'aikata, kuma silin da aka fi sani a wancan zamani shi ne wanda har yau kafinta ke kira asbesto. Wanda duk ya zaga Koguna da Makoda da ƙauyukan da ke tsakaninsu da Ɗambatta ya san irin gine-ginen da nake nufi, waɗanda iskar farkon damina ke yaye wa rufi, silin ya jiƙe ya rufto.

A nan ya kamata a yi adalci ga gaskiya, kada mu tayar wa iyayen yara da hankali a banza. Silin da yake lafiyayye, bai fashe ba, an shafe shi da fenti, haɗarinsa kaɗan ne, domin siminti ya riƙe zaren. Haka ma tsohon bututun ruwa na asbesto, matsalarsa ta mai yanka shi ce fiye da mai shan ruwan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haɗarin yana wajen kafintan da ya sa zarto, da leburan da ɗan kwangila ya ce ya farfashe tsohon sili ya share a bushe, da yaran da ke wasa da gutsattsarin, da uwar gidan da ta kwashe su ta rufe akurkin kaji, da bakaniken da ke hure ƙurar tsohon birki da bakinsa. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare wannan zare. Hanyar da ta fi ita ce a jiƙa shi sharaf, a cire shi ɗungurungum ba tare da fasawa ba, a naɗe a leda mai kauri, a binne a inda ba za a tone ba.

In kuwa kafintan nan ya fara tari bayan shekara 30, me za a ce? Za a ce tarin fuka ne, a ba shi maganin wata 6. In bai ji sauƙi ba a ce asma ce, ko sanyi, ko sammu. Ba wanda zai tambaye shi aikin da ya yi yana saurayi, alhali wannan tambaya ita ce rabin gano cutar. Ɗaliban likitanci da ke cikin wannan zaure, ina roƙonku ku saba da yin ta.

Doka kuwa muna da ita. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga asusun hukumar NSITF, ta amince da cutar da aiki ya jawo, kuma ta haɗa har da ɗan aikin wucin gadi da wanda aka ɗauka da baki ba da takarda ba. Sai dai ta cire sojoji, in ban da farar hular da ke yi wa soja aiki, wato mun gaji irin ƙofar nan da tsofaffin sojan ruwan Ingila suka daɗe suna ƙwanƙwasawa. Ta kuma sa wa'adin shekara ɗaya na shigar da buƙata, wanda ke da wuya ga mutumin da aka shafe wata da watanni ana yi wa maganin wata cuta dabam.

Abin da ya ba sojan ruwan Amurka da ma'aikacin Devonport nasara shi ne takarda. An san jirgin da ya hau, da shekarar, da ɗakin da ya yi aiki, da kamfanin da ya kawo kayan. Leburan da ya sauke silin makarantar ƙauye an biya shi a tsaye a gindin darbejiya, ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, kamfanin ɗan kwangilar ma wataƙila ya mutu tun kafin fentin ya bushe. Ku da za ku zauna a ofisoshin ayyuka da na ilimi da na lafiya a ƙananan hukumomi, ku ne za ku riƙa rubuta takardun kwangilar gyaran nan. Ba ya buƙatar kasafin kuɗi a buɗe rajistar gine-ginen da ke da asbesto, a sa wa ɗan kwangila sharaɗin yadda zai cire shi, a kuma karɓi sunayen leburorinsa da garuruwansu da ranakun da suka yi aiki a sa a fayil. Fayil ɗin kuma a ajiye shi inda gara da yoyon rufi ba za su kai gare shi ba, domin mai neman sa ba zai zo ba sai bayan shekara 30 ko 40, lokacin da ku kanku kun yi ritaya.