Gilashin Waya da Tuwon Ƙasa



Da na je gida hutun da ya wuce, na tarar da ɗan yayata, wanda bai cika shekara biyu ba, yana goga yatsa a kan hoton kalandar bango, yana jiran ya motsa kamar na wayar uwarsa. Da hoton ya ƙi, sai ya fashe da kuka. Mutanen gida suka yi ta dariya, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Shi ne dalilin tsayuwata gabanku yau.

Jean Piaget, masanin halayyar yara na ƙasar Suwizalan, ya bayyana cewa daga haihuwa zuwa wajen shekara 2, da hannu da baki da ido yaro yake sanin duniya. In ya jefar da ludayi, ya ji ƙara. In ya cika gwangwani da yashi, ya san nauyi. In ya tuƙa tuwon ƙasa, ya gane ruwa ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Gilashin waya kuwa, ko giwa ya nuna ko tururuwa, santsinsa ɗaya, nauyinsa ɗaya.

Akwai kuma batun harshe. A 1 ga cikin binciken da ya fi shahara, wanda Patricia Kuhl da abokan aikinta na Jami'ar Washington ta Amurka suka wallafa a 2003, an haɗa jarirai 'yan wata 9 daga gidajen masu Turanci da masu jin Sinanci, zama 12 ana wasa da su. Wasu jariran kuma aka nuna musu mutanen nan a bidiyo. Na farko suka iya rarrabe sautukan Sinanci, na biyu kuwa tamkar ba su taɓa jin harshen ba. Ashe gani ba ci ba ne.

Saboda irin wannan, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa guda a yini.

Kada a ɗauka ina gaba da kwamfuta. Seymour Papert, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro wa yara harshen Logo a 1967, daga baya sai da ya haɗa shi da wani kunkurun inji mai tafiya a ƙasa, domin yara su bi shi su taɓa. Wato shi kansa ya san darajar hannu.

To, 'yan'uwa, mu ne iyayen gobe. In yaro ya ga akuya a waya, mu zauna tare da shi, mu faɗi sunanta, sa'an nan mu kai shi turke ya shafa ta. Kada mu mai da waya 'yar raino don mu sami sararin hira, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.