JAWABI GA TARON ƘUNGIYA: A NEMI SHAWARAR MASANIN DOKA KAFIN A SA HANNU

   

Ƙungiya irin tamu ba ta neman riba, amma tana riƙe da kuɗin jama'a da fili da hatsi. Duk inda dukiya take, rigima tana kusa. Shi ya sa muke cewa a je wurin masanin doka tun ana zaman lafiya.

Na farko, takardar izini. Doka mai lamba 84-06 ta ran 1 ga Maris 1984, wadda anka yi wa gyara a 1991, ta ce ƙungiya ta kai dokokinta da sunayen shugabanninta ga hukuma, ministan cikin gida ya ba da izini. Dokar nan ta hana ƙungiyar ƙabilanci ko ɓangaranci. To, kalma guda cikin manufarmu tana iya sa a maido muna takardu. Masani zai duba, a rubuta aikinmu sarai: rijiya, makaranta, bankin cimaka.

Na biyu, fili. Mutum ya ba ƙungiya gona kyauta da baki, ya rasu, magada sunka ce aro ne: wa za ya raba? Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye. A je can da shaidu, a rubuta kyautar da sunan ƙungiya, kada a sa sunan shugaba.

Na uku, kuɗi. A buɗe ajiya a banki da sunan ƙungiya, kada a fitar da ko dala sai da hannun mutum biyu. Wannan kariya ce ga ma'aji kansa, don kada gobe a zarge shi ba shi da abin nunawa.

Wasu za su ce lauya tsada gare shi. A 2011 gwamnati ta kafa hukumar ANAJJ don ba jama'a shawara kan doka kyauta, da taimakon marasa hali gaban shari'a. Biro ya tambaya a kotu mafi kusa.

Roƙonmu guda ne: duk takardar da wani ya kawo, ko mai ba da taimako ne, kada a sa hannu sai an karanta muna ita da Hausa, masani ya gani.

Allah shi ba mu haɗin kai.