Haƙƙinmu a Garin Wasu: Jawabi Kan Sashe na 42 na Tsarin Mulki



An nemi mu yi tsokaci kan kariyar da dokar Tarayya ta ba ɗan ƙasa daga nuna wariya. Mun ga ya dace mu faro daga ranar 27 ga Agusta, 1991, ranar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanko Jihar Jigawa daga Kano. Da yawa cikinmu sun kwana suna 'yan jiha, gari ya waye sun zama baƙi a unguwannin da aka yanke musu cibiya. Gidajensu ba su gusa ba, harajinsu bai ragu ba. Takarda ɗaya ce ta sauya musu matsayi, wato takardar shaidar asali.

To, me doka ta ce? Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta a ƙuntata wa ɗan Nijeriya, ko a fifita shi, don kawai al'ummarsa, ko ƙabilarsa, ko garin asalinsa, ko jinsinsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa. Ya kuma hana a tauye mutum saboda yanayin haihuwarsa. Tushen wannan tanadi ya koma ga rahoton Kwamitin Willink na 1958 kan fargabar ƙananan ƙabilu, wanda ya sa aka shigar da babin haƙƙoƙi cikin tsarin mulkin 1960.

Sai dai a kula. Hukuma ce wannan sashe ya ɗaure wa hannu, a dokokinta da ayyukanta. Mai gidan haya a Legas da ya ƙi ba mu ɗaki don ya ji sunanmu, da wuya a cafke shi da shi. Kuma tsarin mulkin nan da ya hana wariya, shi ne ya zo da tsarin raba daidai a sashe na 14(3), ya kuma ce a sashe na 147(3) a naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, kuma ya kasance ɗan asalinta. Asalin nan na iyaye da kakanni ake dubawa, komai daɗewar mutum a gari. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: mun ci gajiyar wannan tsari, domin da kason Jigawa 'ya'yanmu da dama suka shiga kwalejojin Tarayya da aikin gwamnati. Amma shi ne kuma ya bar Hausawan Jos suna jayayya kan takardar asali, jayayyar da ta taimaka wajen rura wutar rikicin Satumban 2001. A 2011 ma gwamnatin Abiya ta sallami ma'aikatanta waɗanda ba 'yan asalin jihar ba ne, alhali mafi yawansu Ibo ne daga jihohin maƙwabta.

Duk da haka sashen yana da haƙora. A 2014, cikin shari'ar Ukeje, Kotun Ƙoli ta dogara da shi ta rushe al'adar Ibo mai hana 'ya mace gadon mahaifinta. A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati.

Yanzu mu juyo gida, inda maganar ta fi ɗaci. Ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja ba na ƙabila ɗaya ba ne. A fadamar nan akwai Bahaushe manomin shinkafa, da Babade masunci, da Bamange, da Bafulatanin da ke gangarowa da shanunsa in ruwa ya janye, da ɗan kasuwar da jirgin ƙasa ya sauke kakansa a Malam Madori. Duk lokacin da ambaliya ta zo, irin ta 2020 da ta 2022, aka tashi rabon kayan agaji, ko taki, ko filayen noman rani, sashe na 42 yana kan wuyan mai rabon. Mu tuna har ra'ayin siyasa ya ambata. Buhun gwamnati ba ya tambayar katin jam'iyya. Idan muna kukan an kira mu baƙi a Fatakwal, ba zai yi mana kyau ba mu yi shiru in an yi wa wani haka a bakin kogin Haɗeja.

Ina za a kai kuka? Sashe na 46 ya ce Babbar Kotu a jihar da abin ya faru. Ƙa'idojin kare haƙƙin ɗan Adam na 2009 sun ba ƙungiya irin tamu damar shigar da ƙara a madadin 'ya'yanta, kuma daɗewar lokaci ba ta kashe irin wannan ƙara. Akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, tana karɓar koke kyauta.

Don haka muna ba da shawara kowane reshe ya zaɓi lauya ɗaya cikin 'ya'yanmu da za a riƙa tuntuɓa. Wanda aka hana wa gurbin karatu ko aiki saboda asalinsa, ya nemi a ba shi dalilin a rubuce, ya adana takardar, ya kai wa sakataren reshensa.