Kuɗin Tikitin Baƙo a Ƙwallon Ingila

A ƙwallon ƙafa na Ingila akwai wani rukunin 'yan kallo da ba a cika maganarsu ba, wato magoya bayan da kan bi kulob ɗinsu duk garin da ya je wasa. Mutumin Newcastle da ya nufi Bournemouth zai yi tafiyar da ta wuce mil 300 kafin ya ga an taɓa ƙwallo.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Haka kulob-kulob suka daɗe suna ɗaukar waɗannan mutane: sau ɗaya suke zuwa a kaka, don haka ba a jin nauyin tsawwala musu kuɗi. Har ila yau, a da akan sa farashi gwargwadon girman kulob ɗin da ya zo baƙunci, sai ya zamana mai goyon bayan babban kulob yana biyan kuɗi mafi tsada kusan ko'ina ya je.

A watan Janairu na 1913 ba wanda zai yi tunanin haka, amma shekara ɗari bayan nan, a Janairun 2013, kulob ɗin Arsenal na Landan ya nemi fam 62 daga kowane baƙo na Manchester City. Da yawa suka ƙi saye, aka mai da tikiti wajen 900. A watan nan ne tarayyar magoya baya ta fara gangamin neman kada tikitin baƙo ya wuce fam 20. Sa'an nan a Fabrairun 2016 dubban magoya bayan Liverpool suka fice daga filinsu a minti na 77, saboda shirin sayar da wasu kujeru fam 77. Wata guda bayan haka kulob-kulob na gasar Firimiya suka amince cewa tikitin baƙo ba zai wuce fam 30 ba, kuma an yi ta sabunta wannan ƙa'ida.

To, me ya sa suka sassauta? Ruwa ba ya tsami banza. A lokacin, gidajen talabijin na Birtaniya sun yarda su biya fiye da fam miliyan 5,000 don nuna wasannin kaka 3. Abin da suke saye kuwa ya haɗa da sowa da waƙe-waƙen 'yan kallo, kuma baƙi ne kan tayar da filin, masu gida su mai da martani. Fili shiru ba ya sayuwa.

Sai dai da sauran rina a kaba. Ƙa'idar ba ta shafi ƙananan rukunoni ba. Kuma talabijin ɗin nan kan sa a ɗage wasa zuwa daren Litinin bayan mutum ya riga ya biya kuɗin jirgin ƙasa, ga kuɗin masauki, ga fashin aiki.

Saboda haka, mai kallo a Kumasi ko Jidda, idan ka ji sowa ta tashi daga wani lungun fili bayan an ci masu gida, ka san aljihun wasu ne ya biya ta. Mu kwana lafiya.