Shaidar Fatauci da Ƙasa Ta Ɓoye Mana



Ana yawan ɗauka cewa sai da Turawa suka zo ƙasarmu ta san hulɗa da duniya. Abin da masu binciken kufai suka tono ya ƙaryata wannan zato, kuma a kansa zan yi ɗan tsokaci.

Mu fara da Kilwa, wani ƙaramin tsibiri a gaɓar ƙasar Tanzaniya, wanda a da tashar jiragen ruwa ne. Ibn Battuta ya ziyarce shi a 1331, ya yaba kyawunsa. Daga 1958 zuwa 1965 Neville Chittick ya yi tono a can, ya samu fasassun tangaran na ƙasar Sin da na Farisa, da tsabar kuɗi na tagulla masu ɗauke da sunayen sarakunan garin. Waɗannan tarkace ne suka gaskata labarin cewa zinariyar Zimbabuwe ta nan take bi zuwa ƙasashen Larabawa da Indiya. A 1981 hukumar UNESCO ta sa Kilwa cikin wuraren tarihi na duniya.

Mu ba mu da teku, amma hamada ita ce tekunmu, raƙumi kuwa shi ne jirginmu. Shi dai wannan Ibn Battuta ya sauka Takedda, cikin ƙasar Nijar ta yau, a 1353, ya rubuta cewa ana kai tagullarta Gobir. Shaidar da ta fi wannan ƙarfi tana Durɓi Takusheyi, kusa da Mani a Jihar Katsina, inda kaburburan sarakunan dauri suke. Palmer ya fara tona su a 1907, sannan a 1992 masana daga Jamus da Nijeriya suka sake tona wasu. An samu kayan ado na zinariya, da awarwaron hauren giwa, da duwatsun wuya na gilashi, da tasa ta ƙarfe ƙirar Gabas ta Tsakiya, da wuri. Wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi ba a Gulbin Rima ake samunsa ba. Daga Tekun Indiya yake fitowa, musamman tsibiran Maldibs. Ashe tekun da ya ciyar da Kilwa ya aiko da saƙonsa har ƙasar Hausa, shekaru aru-aru kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903.

To, ina namu? Ga Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya gina a ƙarni na 16, wanda aka ayyana a matsayin wurin tarihi na ƙasa a 1964. Ga Alƙalawa, fadar Gobir da ta faɗi a 1808. Kullum ana noma, ana kiwo, ana ɗibar ƙasa a irin waɗannan wurare. Tukunyar da aka zaro daga mazauninta ba tare da an lura da zurfinta da abin da ke kewaye da ita ba, ta zama bebiya, ba ta iya faɗin zamaninta.

Don haka ina roƙon ƙungiyarmu abu biyu. Na farko, duk wanda ya ci karo da tsohon abu wajen haƙa harsashin gini ko rijiya, a Minanata ko a ƙauye, kada ya sayar wa dillalai. Ya bar shi inda yake, ya sanar da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu. Na biyu, mu riƙa kai 'yan makarantarmu Surame ko sau ɗaya a shekara, domin gani ya kori ji.

Allah Ya sa mu gama lafiya.