Zafi, Ƙura da Fankar Kwamfuta



A Maisandari, kamar sauran unguwannin Maiduguri, shagunan buga takardu da wuraren koyon kwamfuta sun dogara ne da kwamfutar tebur. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, aikin ya ƙaru. Sai dai a Afrilu da Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40, bayan ƙurar hunturu ta riga ta toshe ramukan iska.

Idan zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya kusanci digiri 100, sai ta rage gudu don kada ta ƙone. In abin ya tsananta, kwamfutar ta mutu ɗif. Mai shago ya ce birus ne, alhali fanka ce ta gaji.

Fanka mai faɗin milimita 120 ko 140 ta fi ƙaramar milimita 80 tura iska, kuma ba ta cika ƙara ba. Mai waya huɗu kuwa, irin ta Noctua ko Arctic, kwamfuta ce ke daidaita gudunta gwargwadon zafi. A sa ɗaya a gaban akwatin kwamfuta tana jawo iska ta rariya, ɗaya a baya tana fitarwa.

Amma fanka ba ta sanyaya iska fiye da yadda ɗaki yake. A ɗauke akwatin daga ƙasa, a nisanta shi da bango da janareta, a busa ƙura kafin bazara, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya. Rigakafi ya fi magani, kuma kuɗin fanka bai kai na sabuwar furosesa ba.